Bencin Bakin Ƙofa

Yarinyar ta kufce daga hannun uwarta da kumfar sabulu a rabin fuska, ta ratsa tsakar gida a guje, hannuwa a buɗe, tana kiran, “Ango, Ango.” Kafin Auta ta ajiye soso ta miƙe, har ta ɗora gwiwa ɗaya a kan bencin da aka gitta a bakin ƙofar ɗakin Baba.

“Ɗauke ta,” in ji Baba daga ciki. Muryar ba ta da ƙarfi, amma babu wasa a cikinta. Ya ja jiki har bayansa ya haɗu da bango, ya cusa hannuwansa biyu ƙarƙashin bargo kamar yana tsoron kada su miƙa kansu. “Auta, ɗauke ta na ce. Ki sake wanke mata gwiwar nan.”

Auta ta sure ’yarta. Yarinyar ta sandare, ta yi ta harbin iska tana kuka, idonta na kan kakanta. Shekararta biyu da rabi. Tun ranar da aka haife ta Baba ya ce ya yi sabuwar amarya, sunan kuwa ya bi ta, ita ma da ta fara magana ba ta san shi da wani suna ba sai Ango. A ƙirjinsa take barcin rana, gemunsa ne abin wasanta, a kofinsa take tsoma burodi ta bar masa shayin duk ya dagule, shi kuma ya shanye yana cewa girkin amarya ba a raina shi. Yau kwana tara ke nan bai bari ko yatsanta ya taɓa shi ba.

“Yi haƙuri, Amarya,” ya ce, yana kallon bango. “Angonki ya yi datti. Bari ya warke.”

Auta ta mayar da ita bakin famfo ta wanke gwiwar da babu komai a kanta. A duk gidan ita kaɗai ta san cewa wannan wanki aikin banza ne, kuma ba ta da bakin faɗa.

* * *

Shekara arba’in da ɗaya Baba ya yi yana aski a wani ɗan shago kusa da tashar mota. Kujera ɗaya, madubi biyu suna kallon juna, sai benci na masu jiran layi. Abokansa suna tsokanarsa da Likitan Ƙeya, don ba ya ɗora kilifa a kan mutum sai ya duba kan nan tas, daga goshi har bayan kunne. Yana da wani gwangwani da ya shafa wa jan fenti, a ciki akwai kilifa daban, mataji daban, tawul daban. In ya ga makero ko ƙazuwa ko wani ƙurjin da bai yarda da shi ba, ba ya korar mutum, ba ya kuma kunyata shi. Sai ya ce, “Ɗan jira ni in sallami waɗannan,” ya yi masa aski a ƙarshe da kayan jan gwangwani, sannan ya tafasa su. Ba shi da gida na gani na faɗa, ba shi da mota. Abin alfaharinsa ɗaya ne, kuma yakan faɗe shi ko ba a tambaye shi ba: babu wanda ya taɓa fita daga shagonsa da abin da bai shigo da shi ba.

Ciwon ya zo a hankali. Abinci ya fita daga ransa, baya ya riƙa ciwo, wando ya fara zamewa daga ƙugu. Aka ce gyambon ciki ne, aka yi ta sayen magani a kemis. Farin idonsa ya koma rawaya. Sai wani ƙullutu ya fito masa a cibiya, mai tauri, ja-ja baƙi-baƙi, girmansa bai fi maɓallin riga ba. Ba ya ciwo, don haka ya rufe da riga ya yi shiru.

Wata safiya yana tsakiyar yi wa wani direba aski, ya ɗaga ido, madubin gaba ya nuna masa na baya, na baya ya nuna masa ƙeyarsa. Irin ƙullutun nan ne, guda biyu a jere a ƙasan gashi. Ya kashe kilifa. Ya ba direban haƙuri, ya tura shi shagon maƙwabci da rabin kai a aske, mutumin yana ta mita. Ya tafasa duk wani ƙarfe da ke shagon, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo. Abu biyu kawai ya sa aka ɗauko masa zuwa gida, jan gwangwanin da bencin.

* * *

A asibiti an ɗauki hoton cikinsa, an kuma yanki ɗan nama daga ƙullutun aka kai ɗakin gwaji. Ranar da sakamako ya fito, Yaya Babba, wato babban ɗan Baba, ya roƙi likita ta fara ganin ’ya’yan tukuna. Suka bar Baba a baranda, ya takure a can ƙarshen kujera don kada kafaɗarsa ta goga ta wani.

Likitar ba ta yi kewaye-kewaye ba. “Ciwon nan ba a fata ya fara ba. Kansa ce, ciwon daji. Ta fara a wata tsoka da ke kwance bayan tumbi, fankiriyas ake ce mata, kuma ta daɗe tana cinsa ba a sani ba. Abin da kuke gani a fata alama ce ta riga ta bazu a jiki. Ba kasafai take fitowa a fata haka ba, amma in ta fito, to an yi nisa.”

“Ba za a yi aiki ba?” in ji Yaya.

“Ya wuce aiki. Za mu rage masa zafi, mu kula da gyambon in ya fashe. Maganar watanni ake yi, ba shekaru ba.”

Da ƙyar Auta ta haɗa tambayar da ke cin Baba tun ranar madubi. “Likita, ana ɗauka?”

“Ko kaɗan. Ku ci tare da shi, ku taɓa shi, ku zauna kusa da shi. Yanzu ne ma ya fi buƙatar haka. Ku shigo da shi in yi masa bayani da kaina.”

“A bar mana wannan, likita,” Yaya ya ce da sauri. “Mu muka san mahaifinmu. A gida za mu gaya masa a hankali.”

Likitar ta ce haƙƙinsa ne ya sani, ta sake maimaitawa. Yaya ya ce ya ji, ya ɗauki alkawari. Ta dubi tarin katin da ke gabanta da jama’ar da ke leƙowa ta ƙofa, ta rubuta magani.

A kan matakala Yaya ya riƙe hannun Auta. Idonsa ya yi ja. Ba mugu ba ne, duk cikinsu babu wanda ya kai shi son Baba. “Kin tuna Kawu? Lafiya lau yake takawa da ƙafarsa, aka gaya masa sunan ciwonsa, ko sati biyu bai ƙara ba. Ba za a yi wa Baba haka ina raye ba. Mama ma ba za ta ji ba, ga hawan jini. Ki rantse min.”

Ta rantse. Ita ce ƙarama, kuma a lokacin maganar ta yi mata kama da tausayi.

Da suka koma baranda Yaya ya durƙusa gaban Baba da murmushin da ya aro. Ya laluba cikin cututtuka ya zaɓo wadda yake gani ta fi kowace ƙanƙanta. “Ba wani abu ba ne, Baba. Ƙwayar cuta ce kawai ta shiga fata. Magani za ka sha ta mutu.”

Baba ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda aka tabbatar wa abin da ya riga ya sani. “Na faɗa,” ya ce. A ranar, suna isa gida, ya sa aka gitta bencin.

* * *

Da wani mahaifin aka yi wa wannan ƙarya, da ta kwantar masa da hankali. Amma an yi ta ne ga mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tsare kawunan mutane daga ƙwayar cuta, sai ya ɗauki dokar shagonsa ya ɗora wa kansa, bai rage ko ɗaya ba. Kofinsa da cokalinsa suka koma cikin jan gwangwani. Abinci a kan benci ake ajiye masa, sai mai kawowa ya ja baya sannan ya miƙo hannu. Mama, da suka shekara arba’in da huɗu a ɗaki ɗaya, ya sa ta kwashe kayanta ta koma ɗakin Auta. Ta yi gardama, ta yi fushi, ta ce in ɗauka ne ai ta riga ta ɗauka. Ya ce in ta shigo shi zai fita ya kwana a titi. Ta koma wanke kayansa a wani bokiti daban da leda a ɗaure a hannu, tana wanki tana share hanci da kafaɗa.

Magana ta fita unguwa, kuma tun da ba a ba ciwon suna ba, kowa ya raɗa masa nasa. Masu zuwa dubiya suka koma tsayawa a bakin get. Mai gyaran agogo, abokinsa tun suna samari, yakan zo ya ɗaga murya daga can, “Likitan Ƙeya, yaya jiki?” Baba ya amsa, “Da sauƙi. Kada ka matso, kai da ko mura ba ka iya ɗauka.” Su yi dariya, mutumin ya juya ya tafi. Baba bai taɓa ganin laifinsu ba. Shi ma a wurinsu haka zai yi.

Aikin da ya fi kowane ɗaci shi ne na Amarya. Yarinya ba ta san doka ba, sai an koya mata, kuma koyarwar ba ta yiwu da baki kaɗai ba. Mama ta tsawata, Baba ya tsawata daga ciki, ranar da ta rarrafa ta ƙarƙashin bencin har ta kama gefen bargonsa, Auta da kanta ta ɗaɗa mata duka a cinya, don Baba yana ta rawar jiki yana cewa za a kashe masa jika. Daga baya ta shiga banɗaki ta yi kuka har ta gode Allah. A hankali yarinyar ta koya. Kowace safiya sai ta zo ta tsaya taki ɗaya kafin benci, ta mayar da hannuwa baya, ta ce, “Ango, ina kwana.” Ya ce, “Lafiya lau, Amarya. Yau me aka dafa min?” Ta ce, “Shayi.” Shi ke nan sai ta koma wasanta.

Auta ta gwada rabin gaskiya. “Baba, ni fa na ji likita ta ce ba a ɗauka.”

Ya dube ta da idon nan mai rawaya. “Ni za ki koya wa fata? Yayanki ya ce ƙwayar cuta ce. Ina kika taɓa jin ƙwayar cutar da ba ta tafiya? Dubi nan.” Ya ja wuyan riga. “Daga cibiya ta zo ƙeya, daga ƙeya ta zo ƙirji, jiya na ga wata a hammata. Abin da ke yawo a jikina haka, shi ne zai ga fatar yarinya ya ƙyale? Likitoci suna faɗin abin da zai kwantar da hankalin mutane. Ni na san aikina.”

Amsar kuwa ita ce abin da ta rantse ba za ta faɗa ba. Ta tare Yaya ranar da ya kawo magani, ta ja shi bayan gida.

“Yaya, wata uku ke nan ba wanda ya taɓa shi sai da safar hannu. Mutum zai mutu kamar wanda aka kulle.”

“Amma yana da rai, ko? Yana sa ran warkewa. Wannan sa ran shi ke riƙe da shi.” Ya goge fuska da tafin hannu. “Kina ganin ni daɗi nake ji? In kika faɗa masa ya faɗi, ki sani ke ce. Kuma dangi duk za su sani.”

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta rufe mata baki har wasu sati uku. Ta san abin kunya ne, amma gaskiya ita ce ta fi jin tsoron a ce ita ta kashe shi fiye da tsoron ya mutu shi kaɗai.

* * *

Na ƙirjin ya fashe, yana fitar da ruwa, dole kullum a wanke a sa sabon bandeji. Auta kaɗai ya yarda ta tsallaka benci, ita ma sai da safar hannu biyu-biyu, kuma yana lura da ita kamar yadda yake lura da kilifa a tukunyar tafasa. Wata hantsi tana goge masa gyambon, yana kwance ya zama ƙashi da fata, sai ya nuna kwalbar magani da haɓa.

“Saura kaɗan ya ƙare. In aka koma aka ce ta mutu, kin san abin da zan fara yi? Ba shago ba. Amarya zan ɗora a wuya in kai ta tasha ta ga manyan motoci. Na yi mata alkawari tun kafin in kwanta.” Ya yi ɗan murmushi. “Kina ganin ta yi nauyi yanzu? Ina kallonta daga nan, kamar ta ƙara tsawo.”

Auta ta tsaya da auduga a hannu. Ta dubi wuyan da ake maganar ɗora yarinya a kai. Sai ta ajiye audugar, ta zare safar farko, ta zare ta biyu, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙirjinsa, daidai gefen gyambon.

“Ke, kin haukace?” Ya yi ƙoƙarin janyewa, ƙarfin bai kai ba.

“Baba, ba ƙwayar cuta ba ce. Ƙarya muka yi maka.” Ta faɗa masa duka, yadda likita ta faɗa: tsokar da ke bayan tumbi, yadda ciwon ya bazu, abin da fatar take nunawa, da maganar watanni. Tana faɗa tana jiran ya faɗi kamar yadda aka ce Kawu ya faɗi. Zuciyarsa tana bugawa a ƙarƙashin hannunta, ba ta ƙara sauri ba.

Da ya buɗe baki, ba maganar mutuwa ya yi ba.

“Kansa ai ba a ɗaukarta.”

“Ba a ɗauka, Baba.”

“Ko an sha a kofi ɗaya.”

“Ko an sha.”

“Tun yaushe kuka sani?”

“Tun ranar asibiti.”

Ya lumshe ido, hawaye ya gangara ta gefe ya shiga kunnensa. “Auta, mutuwa ai na san da ita tun ba a haife ku ba. Gawa nawa na raka? Da kun faɗa min, da na san yadda zan kashe kwanakina. Wata huɗu saura kaɗan. Lokacin ina iya ɗaukar Amarya.” Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Can ya ce, “Janye bencin nan. Kira min uwarki. Ki kawo min Amarya.”

Auta ta ja bencin gefe, ƙafafunsa suka bar tabo huɗu a kan siminti. Mama tana bakin ƙofa tun ɗazu, ta ji komai. Ta kwance ledar hannunta ta yar, ta shiga ta zauna a bakin gado, ta tallafo shi ya jingina da ita, tana shafa ƙeyar nan da yatsunta tana cewa, “Dubi yadda gashi ya taru maka, kai da kake yi wa mutane faɗa.”

Auta ta ɗauko Amarya daga wajen wasa ta sauke ta a bakin ƙofa. “Je ki wurin Ango. Ya ce ki zo.”

Baba ya fito da hannuwansa daga bargo ya miƙa su. “Zo, Amarya. Angonki ya yi wanka.”

Yarinyar ta taka har taki ɗaya kafin inda bencin yake a da, ta tsaya. Ta dubi hannuwan, ta dubi uwarta, ta mayar da nata baya. Auta ta ɗan tura ta, sai ta ƙanƙame ƙafar uwar tana girgiza kai. “A’a. Duka.” Da aka ɗaga ta za a shiga da ita, ta tsala ihu ta sandare kamar ranar farko, sai dai yau waje take son komawa.

“Ƙyale ta,” in ji Baba. “Kada ki tsorata ta.” Ya sauke hannuwan a hankali a kan bargo. “Yarinya ce mai jin magana. Mu muka koya mata.”

* * *

Kwana goma sha ɗaya Baba ya ƙara a duniya. A cikinsu ya sha shayi a kofi ɗaya da Mama, mai gyaran agogo ya shigo har gado ya riƙe hannunsa suka yi hirar samartaka, Yaya ya durƙusa ya yi kuka, Baba ya dafa kansa ya ce ya yafe, ya kuma ce askin da aka yi wa Yayan bai yi kyau ba. Kullum ana gwada Amarya, da alewa, da lallashi, da ’yar tsana a kan gado. Saura kaɗan, in ji Mama, da an ƙara sati ɗaya da ta saba.

Bencin aka fitar ƙofar gida masu gaisuwa suka zauna a kai. Da aka watse, Mama ta share ɗakin, ta naɗe katifa, ta bar ƙofa a buɗe don iska ta shiga.

Washegari da safe Auta tana wanke kofuna a bakin famfo, sai ta ji ƙananan takun a bayanta. Yarinyar ta ratsa tsakar gida, ta tsaya taki ɗaya kafin tabon nan huɗu, ta mayar da hannuwa baya.

“Ango, ina kwana,” ta ce, ta tsaya tana jira a tambaye ta abin da aka dafa.